Aikin nawa ne, amma sunansa kwamfuta take nunawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 6 ina aiki a wani kamfanin sarin shinkafa da sukari da mai. Da a littafi nake rubuta shige da ficen kayan sito. Bara aka kawo manhajar kwamfuta, aka tura maza biyu Duwala su koyo, ni aka ce mai iyali ba ta tafiya. Da suka dawo, a gefen ɗayansu na koya. Yanzu kusan duk faktir, wato takardar lissafin kayan da aka saya ko aka sayar, ni ke shigarwa, amma da sunansa da lambar sirrinsa nake buɗe kwamfutar. Watan jiya aka ƙara masa matsayi da albashi, darakta ya ce kwamfuta ta nuna ƙoƙarinsa. Suna da guruf na WhatsApp da ba a sa ni ba, ni kuma sai ƙarfe 10 na dare darakta yake turo mini saƙon aiki, har maigidana ya fara ɓata rai. Ga shi ina da ciki wata 5, ina tsoron in tafi haihuwa in dawo in tarar ba kujerata. In roƙa a bar ni in yi aiki daga gida, ko in haƙura in ajiye?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya.

Kada ki ajiye. Maganar aiki daga gida ma ki jingine ta tukuna, ba ita ce a gaba ba. Abin da ya same ki shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma ƙofar da abin ya shigo ƙarama ce ƙwarai: sunan da kike buɗe kwamfuta da shi.

Duk manhajar lissafin kaya ta kirki, Sage ce ko Odoo ko wata, tana da wani littafi a cikinta da ba kowa ke leƙawa ba. Duk faktir ɗin da aka shigar, sai ta rubuta sunan da ya shigar da shi, da rana, da awa. In an dawo an gyara, shi ma ta rubuta. Ba ta ganin fuska, ba ta san hannun wa ke bugawa ba. Shekara guda kina zuba aikinki a asusun wani, ita kuma tana tara masa. Ko darakta ya san gaskiya ko bai sani ba, wannan tsakaninsa da Allah, amma abin da allo ya nuna masa ba ƙarya ba ne. Wannan littafin da ya cuce ki shi ne kuma shaidar da ta fi kowace ƙarfi in kika juyo da shi wajenki, domin ba ya zuwa majalisar shayi, ba shi da aboki a ofis, bai san mace da namiji ba.

Saboda haka abin nema na farko shi ne asusunki na kanki a cikin manhajar, mai sunanki da lambar sirrinki. Kada ki shiga wajen darakta da kukan an zalunce ki. Ki shiga masa ta aljihunsa. Ki ce: “Ranka ya daɗe, mu biyu muke shiga da suna ɗaya. Ranar da buhu 40 na sukari suka ɓace a lissafi, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya taɓa. A buɗa wa kowa nasa, kowa ya ɗauki nauyin abin da ya shigar.” Da wuya ɗan kasuwa ya ji wannan ya ƙi. Buɗe sabon asusu aikin 'yan mintoci ne ga mai riƙe da babban mabuɗin manhajar.

Izini a cikin manhaja hawa-hawa ne: akwai na dubawa kawai, akwai na shigarwa, akwai na tabbatarwa, akwai na sharewa. Ki nemi na shigarwa da na fitar da rahoto. Na sharewa kada ki karɓa ko an ba ki, domin duk ranar da aka nemi wani faktir aka rasa, masu ikon sharewa ake fara kallo.

Za a iya ce miki kowane sabon suna sai an biya masa lasisi. A wasu manhajojin gaskiya ne, ana biya ne bisa yawan masu shiga. In aka tsaya a kan haka, ki tambayi nawa ne, a faɗi adadin a fili, a gwada shi da kuɗin buhu nawa ne. In duk da haka aka ƙi, akwai mafita ta wucin gadi. Kowane faktir yana da gurbin ƙarin bayani; ki riƙa sa haruffan farko na sunanki a wurin duk lokacin da kika shigar, ki kuma sa hannu da kwanan wata a kan takardar da kika kwafo daga gare ta. Bai kai asusu ƙarfi ba, tunda wani zai iya gogewa, amma ya fi babu. In kuma wani ɓangaren aikin a Excel kuke yinsa, fayil ɗaya yana yawo a filashin USB daga hannu zuwa hannu, ki ba da shawarar a mayar da shi Google Sheets, kowa ya shiga da imel ɗinsa. Tarihin gyara da ke ciki yana nuna wanda ya canja kowane gurbi da lokacin da ya canja.

Sai dai ki sani, ranar da kika samu asusunki, wuƙar ta zama mai baki biyu. Duk abin da aka yi da sunanki, ke kika yi. Lambar sirrin ta kai harafi 12, kada ta zama sunan ɗanki ko shekarar haihuwarki, kada ki manna ta a ƙarƙashin tebur. Ko alwala za ki tashi yi, ki danna maɓallin Windows tare da L, allon ya kulle. Abokin aikin nan da ya ara miki tasa shekara guda zai zo wata rana cikin gaggawa ya ce ki ara masa taki, kunya kuma za ta kama ki. Ki ce masa ya faɗi abin da yake so ki shigar da hannunki. Wasu daga cikin waɗanda ake ɗora wa ɓatan kaya ba sata suka yi ba, lambar sirri suka ara.

Shekarar da ta wuce fa? Ba duka ta tafi ba. Rubutun hannunki yana kan takardun karɓar kaya. Akwai kuma ranakun da mutumin yake tafiya ko hutu, amma manhaja ta nuna an shigar da faktir da sunansa. Rajistar zuwa aiki za ta nuna wa ke ofis a ranar. Ki rubuta waɗannan ranakun a littafinki, ki ajiye. Ba don ki tona masa asiri ba. Mai yiwuwa shi ma bai ƙulla komai ba, abin ya faɗo masa ne ya kama, kuma gobe da shi za ki zauna a ɗaki ɗaya.

Daga makon da asusunki ya fara aiki, duk ranar ƙarshen mako ki tura wa darakta rahoto ta imel. Layi 5 ya isa: faktir nawa kika shigar, motoci nawa aka sauke, kuskure nawa kika kamo da kuɗin da ya kai, kayan da suka kusa ƙarewa, da abin da ke jiran sa hannunsa. Layi na 3 shi ne mai tsoka. “Na gano an rubuta katan 120 alhali 102 suka shigo” ya fi shafi guda na bayani. Ko bai amsa ba ki ci gaba. Hutun haihuwarki zai fara ne mako 4 kafin ranar da likita ya ƙiyasta, ke nan kina da kamar wata 3 a gabanki, rahoto 12 ko kusa da haka. Da su za ki zauna maganar albashi, ba da “kowa ya san ina ƙoƙari” ba.

Kafin zaman, ki ɗauko takardar albashinki, wadda ake kira bulletin de paie. Doka ta wajabta a ba ki ita. Saƙon MTN Mobile Money ko Orange Money yana nuna kuɗi sun shigo, amma bai maye gurbinta ba. Ki duba abu 3: sunan aikin da aka rubuta miki, rukuninki da matakinki, wato catégorie da échelon, da lambarki ta CNPS, wato hukumar inshora da fansho ta ma'aikata. A nan ake yawan ɓoye bambanci. Sai a rubuta wa mace sakatariya, a rubuta wa namiji mai kula da sito, alhali aiki ɗaya suke yi, sai takarda ta nuna kamar ba a saɓa komai ba. Dokar Ƙwadago ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, a sashe na 61, ta ce in yanayin aiki da ƙwarewa ɗaya ne, albashi ɗaya ne, ba a duba jinsi ko asali ko shekaru ko addini. Don haka abin da za ki nema a rubuce shi ne a gyara sunan aikinki da rukuninki su dace da abin da kike yi a zahiri. Kada ki ce a ba ki abin da aka ba wane. Ki ce ga aikin, ga adadinsa, ga rukunin da ya dace da shi.

In kun kai ma'aikata 20, doka ta tanadi wakilin ma'aikata, shi ne matakin farko. In abin ya gagara, sai sufeton ƙwadago a ofishin ma'aikatar ƙwadago da ke Garwa. Shi ke fara zaman sulhu, sai sulhu ya ci tura ake zuwa kotu. Haƙƙin albashi kuma yana da wa'adi, bayan shekara 3 ba a bin sa. Ba muna cewa ki kai ƙara gobe ba. Mun faɗa ne don ki san inda ƙofa take, mai magana da ya san haka muryarsa daban ce.

Abu biyu kada zafin rai ya sa ki yi. Kada ki naɗi muryar kowa a ɓoye. Dokar laifukan intanet ta Disamba 2010 ta hana naɗa ko yaɗa bayanan sirrin mutum ba da yardarsa ba, sai mai gaskiya ta koma wadda ake tuhuma. Kada kuma ki kwashe sunayen kwastomomi ko farashin sari ki tura wa wayarki da sunan tara hujja. Wannan kaɗai ya isa dalilin kora. Hujjarki ita ce abin da yake naki: takardun albashi, rahotanninki, da saƙonnin da aka turo miki.

Maganar guruf kuwa, ba ƙaramar magana ba ce kamar yadda za a nuna miki. Da, a majalisar bayan magariba ake yanke shawara, mace ta zo da safe ta tarar an gama. Yanzu majalisar ta koma cikin waya. Bambancin shi ne, majalisar ƙofar gida ba za ki iya zama a cikinta ba, ta waya kuwa ba abin da ya hana. Kada ki nemi a sa ki a nasu na hira. Ki nemi a buɗe na aiki zalla, mai suna a fili, wanda duk mai taɓa kayan sito yake ciki, a kuma kashe saƙo mai ɓacewa da kansa, domin umarnin da ya goge bayan awa 24 ko kwana 7 ba wanda zai amsa shi ne ya bayar. In aka ba ki umarni da baki ko ta kira, musamman na fitar da kaya, ki bi shi da layi ɗaya a guruf: “Kamar yadda aka ce, na fitar da buhu 25 zuwa shagon Yelwa.”

Wannan gurufin shi ne kuma rabin maganin saƙon dare. Ki sayi layi na biyu, ki yi masa rajista da katin shaidarki ke kanki, ki sa masa WhatsApp Business, ya zama na aiki kaɗai. A ciki akwai wurin sa lokutan aiki da amsa mai fita da kanta in an rubuto bayan an tashi: “Na ga saƙo, zan duba ƙarfe 7:30 na safe in Allah ya kai mu.” Ki kunna masa lambar tsaro ta mataki biyu, mai lamba 6. Ki gaya wa darakta cikin ladabi cewa daga yanzu wannan ne layin aiki, abin gaggawa kuma a sa a guruf. Maigidanki kuma ki nuna masa tsarin da kanki tun kafin ya tambaya. Ɓacin ransa ba abin rainawa ba ne, ko a doka: dokar 1981 kan al'amuran iyali ta ba miji damar ƙalubalantar sana'ar matarsa in ya ce tana cutar da aure ko 'ya'ya. Gara ya zama yana bayanki. Ba ki ce saƙonnin sun wuce na aiki ba, mu ma ba mu ce ba. Amma in wata rana suka sauya launi, kada ki share ko ɗaya. Ki ɗauki hoton allo yadda lamba da kwanan wata za su fito, domin mai turowa yana iya goge saƙo daga ɓangarorin biyu. Kundin hukunta laifuka na 2016, sashe na 302-1, ya sa ɗauri da tara a kan mai amfani da matsayinsa ya matsa wa na ƙasa da shi da neman lalata.

Yanzu haihuwa. Sashe na 84 na Dokar Ƙwadago ya ba ki mako 14, ana iya ƙara 6 in likita ya tabbatar da rashin lafiya sanadin cikin ko haihuwar, kuma ba a sallamar mace a cikin wannan hutun. Kuɗin hutun CNPS ke biya, shi ya sa a makon nan, ba wata mai zuwa ba, za ki je ofishinsu da lambarki ki ce a duba ko kamfani yana zuba miki, a kuma ba ki jerin takardun asibitin da za ki kawo. Ana samun wanda ake yanke masa kaso a albashi duk wata, amma ba a kai kuɗin ba. Gara ki gano haka yanzu da kina da ƙafar zirga-zirga.

Ranar da za ki tafi hutu, a ƙirga kayan sito a gabanki, a fitar da adadin daga manhaja a takarda, ke da mai karɓa ku sa hannu, ki riƙe kwafi. Asusunki kuma a dakatar da shi, kada a miƙa wa wani, kada a share. Ki nemi wannan ta imel. Asusun da aka dakatar yana nuna mai shi za ta dawo, wanda aka ara wa wani kuwa duk ɓarnar wata 3 a kanki za ta hau.

A cikin mako 14 ɗin nan kada ki yarda da “ɗan taimaka mana daga gida”. Hutu ne na doka, jego kuma ba wasa ba. Bayan kin dawo ne maganar aiki daga gida take da wuri, kuma muna ganin kwana 2 a gida, 3 a ofis ya fi zama gida ɗungurungum, domin wadda ba a gani ita ake mantawa ranar rabon matsayi. Ki fara tambayar inda manhajar take zaune. In a intanet take, kwamfutar hannu da data sun ishe ki. In kuwa a kan kwamfuta ɗaya take a ofis, sai an haɗa ki da ita ta manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa irin su AnyDesk, dole ta kasance a kunne, ba kuma mai amfani da ita a lokacin. Kin san halin wutar arewa in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya: ko ke kina da wuta a gida, in ta ɗauke a ofis aikinki ya tsaya, kuma ke za a ce ba ki yi ba. Dokar 1992 an rubuta ta ne tun kafin intanet ya shigo ofisoshi, don haka ku rubuta yarjejeniyarku: ranaku, awowi, wa ke sayen data, ta wa ce kwamfutar, me za a yi in wuta ko layi ya yanke, da cewa albashi da rukuni ba su canja ba.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: sashe na 85 ya ba mai shayarwa hutun da bai wuce awa 1 ba a rana, har wata 15 daga haihuwa. In ofishinku yana da na'urar dangwala yatsa, ita ba ta san da wannan ba sai an saita mata. In ba a saita ba, kullum za ta rubuta kin makara ko kin tashi da wuri, ƙarshen wata a yanke miki, a ce na'ura ce ta ce. Na'ura abin da aka ɗura mata take maimaitawa. Ko Amazon, da girmansa, a 2018 aka bayyana ya yi watsi da manhajar tace takardun neman aiki, saboda ta koyi fifita maza daga tsofaffin takardun da aka horar da ita da su. Duk inda aka ce miki “kwamfuta ce ta nuna”, ki tambayi wa ya saita ta, me kuma aka ce ta ƙirga.

Horon da aka hana ki ba sai kin je Duwala ba. Wanda ya sayar da manhajar yana iya koyarwa ta waya yana nuna allo, a cikin lokacin aiki. Ki nemi awa 2 sau 3, ki kuma ce a buɗa miki kwafin gwaji inda za ki yi kuskure ba tare da kin taɓa lissafin gaske ba. Ki sa ƙarfinki a abin da ba a bar ki kin taɓa ba: fitar da rahoto, rufe lissafin wata, daidaita ƙirgar sito da ta kwamfuta. A Excel ki kama RECHERCHEV mai nemo bayani a jeri, da SOMME.SI mai tara adadi bisa sharaɗi, da tableau croisé dynamique mai taƙaita lissafi a jadawali. Mai shigar da faktir ana maye gurbinta cikin mako guda. Mai iya faɗin dalilin da lissafi bai daidaita ba, ita ake jira ta gama jego.

Ranar da kika dawo, ki zo da sassafe, ki gwada shiga da sunanki kafin komai. In ya buɗe da izinin da kika bari, ki canja lambar sirri, ki fitar da adadin kayan sito na ranar ki ajiye kusa da takardar da kuka sa wa hannu. In kika tarar an rufe shi, ko an rage miki izini, ko an ce ki koma tsohon littafi, kada ki yi gardama a tsakar ofis. Ki rubuta wa darakta imel a ranar, ki ce kin dawo bakin aiki ranar kaza da ƙarfe kaza, kina jiran a buɗe asusunki, ki sa wakilin ma'aikata a kwafi. In mako ya zagayo ba amsa, ki buga imel ɗin a takarda, ki haɗa da takardun albashinki da rahotannin nan naki, ki nufi ofishin sufeto.